C'est Si Bon: tarihin waƙa ne ko soyayya ce kawai?

Abba Ɗorayi: Jama'a ni fa duk wanda ya ce min C'est Si Bon na Koriya ta Kudu na 2015 fim ɗin tarihin waƙa ne ba zan yarda ba. An ɗauko gidan waƙa na gaske mai suna C'est Si Bon da ya kasance a unguwar Mugyo-dong a Seoul, inda Song Chang-sik da Yoon Hyung-joo suka taso har suka zama ƙungiyar mawaƙa biyu ta Twin Folio a 1968, sai aka ƙirƙiro wani saurayi aka manna masa budurwa, shikenan labari ya koma kanta. Zamanin shugaban ƙasa Park Chung-hee ne fa, lokacin da ɗan sanda zai tare ka a titi ya datse maka suma don ta yi tsawo, amma su sun nuna mana jita da murmushi.

Maman Ilham: Abba anya ka kalla har ƙarshe kuwa? Ai kamen mawaƙa na 1975 kan zargin shan wiwi yana ciki, kuma shi ne ma ya tarwatsa su, saurayin ya ba da sunayen abokansa don ya kare budurwar. Kuma da gaske su Twin Folio su uku ne da farko kafin ɗaya ya fita.

Abba Ɗorayi: To ai maganata kenan Anti, kamen ma sai da aka maida shi sadaukarwar masoyi. Gwamnatin da ta hana waƙar Kim Min-ki ta Achim Iseul a wannan shekarar dai ta sha da sauƙi wlh.

Sadiya_kd: Ni dai na yi kuka kuma ban ji kunya ba 😭 mutum ya dawo gida a gajiye ace sai ya kalli lacca?

Malam Habu: Ƙanwata ba wanda ya hana ki kuka. Amma ku nemi fim ɗin Seopyeonje na darakta Im Kwon-taek, 1993, a nan ne waƙar gargajiyarsu take, pansori, mawaƙi ɗaya da mafici a hannu da makaɗi ɗaya zaune da ganga yana amsa masa, kamar dai Shata da mai kalangunsa. Su Twin Folio kam yawanci waƙoƙin Turawa suke juyawa zuwa yarensu. A Seopyeonje uba ne ya makantar da 'yar riƙonsa da magani wai don baƙin ciki ya ratsa muryarta, ba hoda ba kwalliya, kuma shi ne fim ɗin Koriya na farko da ya haura 'yan kallo miliyan 1 a Seoul.

Maman Ilham: Haba Malam, a makantar da yarinya saboda murya sannan a saka kiɗa mai daɗi a kai har mutane su tausaya wa uban, in wannan ba kwalliya ba ce mece ce? Gara min na Abba da ake zagi, can ko ba komai ba a taɓa idon kowa ba.

Abba Ɗorayi: Ba nawa bane Anti, ni na fara kushe shi 😂 Malam turo inda zan samu, amma in ba fassara a ƙasa kar ka wahalar da ni.