Musayar waƙa: Bauhaus, me ya tashe su kuma me ya watsa su?

Mai Baƙar Riga:
Salam jama'a yau ni zan buɗe fage, amsa-amon "wa" ne kuma duk wanda ya karya shi zai sayi shayi. Zancen Bauhaus ne, yaran nan huɗu na Ingila da ake cewa su suka haifi kiɗan goth

A Northampton can Ingila aka yi haɗuwa,
1978, shekara na dab da ƙarewa.
Daniel Ash ya riƙe jita, hannu ba ya rawa,
David J da ƙaninsa Kevin, bes da ganga suke bugawa.
Peter Murphy daga gidan ɗab'i aka je ɗaukowa,
Bai taɓa waƙa ba, siffarsa ce ta yi burgewa.
Sati shida kacal da fara gwadawa,
Suka faɗa situdiyon Beck a Wellingborough ba tsayawa.
Ɗauka ɗaya, minti tara da ɗoriya, ba maimaitawa,
Bela Lugosi's Dead ke nan, har yau ba ta dusashewa.

Ni dai a wajena duk abin da suka yi bayan ranar nan bai kamo ƙafarta ba, mai ja ya fito.

'Yar Shagon Faifai:
Kai Yaya ka cika son kai wallahi, to wa ya kai waƙar kunnen mutane in ba hanya ba?

Yaya rabi ka faɗa, rabin ka ƙi faɗawa,
Ɗan shagon faifai a Walthamstow ne ya yi fitarwa.
Small Wonder sunan shagon, Agustan 1979 ta yi fitowa,
Sai John Peel na BBC da daddare yana sakawa.
Sauran suna kuwa a dandamali aka yi samowa,
Gari gari, kulob kulob, ba ranar hutawa.
Farar fitila zalla, ba ja ba kore, ita ke haskawa,
Inuwar Murphy a bango kamar aljani na miƙewa.
Kafin 1980 ta fita har New York sun yi lekawa.

Kawu Tsohon Rediyo:
Ni "wa" ɗin nan ta ishe ni, a rubuta min shayin bashi, da "ba" zan shigo irin na mutanen da

Ku yara kun ji sama, ba ku ji ƙasan ba,
Dub, kiɗan Jamaika mai amsa-kuwwa, ne a ciki, ba ku lura ba.
Kevin bakin ganga yake ƙwanƙwasa, bai daki tsakiya ba,
Amsa-kuwwa na ta yawo, Ash bai bar ta ta mutu ba.
Kundin farko In the Flat Field a kamfanin 4AD, 'yan jaridar London ba su so ba,
Jaridar kiɗa NME ta caccake shi, masu saye ba su ji ba.
Ya hau saman jerin ƙananan kamfanoni bai roƙi kowa ba,
1981 ga kundin Mask a kamfanin Beggars Banquet, ba su numfasa ba.

Kuma ɗana Mai Baƙar Riga, wanda ya ce Mask bai kai ba to a lasifikar waya ya ji shi, ka nemi abin ji mai kyau ka dawo mu yi magana.

Mai Baƙar Riga:
Allah ya ja da ran Kawu na karɓa, amma ai gudun nan ne ya ci su, faifai huɗu cikin shekara huɗu ga yawo, jiki ba ƙarfe ba ne

1983 nimoniya ta kwantar da Murphy, ba tashi ba fitowa,
Ukun suka shiga situdiyo, aiki bai san jira ba sai cigabawa.
A kundin Burning from the Inside, Ash da David J har waƙa suna rerawa,
Mai makirufo ya warke ya tarar an yi rabi ba shi, ina daɗin dawowa?

'Yar Shagon Faifai:
Cigabawa?? Yaya wannan ai fashi ne ba amsa-amo ba lol. Kuma ciwo ya tarar da wuta ne tana ci tun tuni, ni kamara nake zargi

1982 waƙar David Bowie suka yi arowa,
Ziggy Stardust, lamba 15 a jerin waƙoƙin Birtaniya, nan suka fi hawa.
Ka ji fa, da kayan wani suka fi sayuwa,
Sai tallan kaset ɗin Maxell, Murphy kaɗai ake nunawa.
Fim ɗin The Hunger ma da waƙarsu aka yi buɗewa,
Fuskar mutum ɗaya a bayan ragar ƙarfe, ukun sai dai tsinkayowa.
Huɗu suka yi girki, ɗaya ake yabawa,
Wane ɗan Adam ne zuciyarsa ba za ta yi sosuwa?

Kawu Tsohon Rediyo:
'Yata ta fi ka hujja a nan, ba na ɓoyewa

5 ga Yuli 1983, dandalin Hammersmith Palais bai san wasan ƙarshe ne ba,
David J ya yi wa taro sallamar mamaci, da yawa ba su gane ba.
Faifan ya fito bayan sun watse, bai tarar da masu shi ba,
Murphy daga baya ya koma Turkiyya, bai bar waƙa ba.
Sun sake haɗuwa 1998, da 2005 a bikin kiɗa na Coachella, ba a manta ba,
Murphy ya fito rataye kai a ƙasa, jemage bai fi shi ba.
Kundin Go Away White 2008, shi ma zaman bai ɗore ba.

Ga wadda za ta yi maka ciwo ɗana, ukun da aka bari a duhu su ne suka kafa Love and Rockets a 1985, kuma 1989 waƙarsu So Alive ta kai lamba 3 a Amurka, matsayin da Bauhaus ba ta taɓa ko leƙawa ba. Sai ka amsa min wannan, kuma da "ba" nake so.