Taimako kafin ƙarfe 5: me za mu kira “cycle touring” da Hausa?

Rabi (Nima), 10:14
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau ƙarfe 8 na dare ina da baƙi a shirinmu na rediyo, samari uku ’yan Mamobi a nan Akra da suka hau keke daga gadar Adomi a Atimpoku, suka bi kogin Volta har Ada, inda kogin ya faɗa teku. Kwana uku suka yi. Ba tsere ba ne, ba kuma aikensu aka yi ba. Kaya a bayan keke, inda dare ya yi a kwana, gari ya waye a ci gaba. A takardarsu sun rubuta “cycle touring”. Me zan kira shi? Sai jakunkunan nan biyu da ake ratayawa hagu da dama a kariyar bayan keke. Sai “river valley”. Ƙarfe 5 zan miƙa rubutu.

Ustaz Sani (Madina), 10:16
Wa alaikumus salam. Yawon buɗe ido a kan keke. An gama.

Rabi, 10:18
Ustaz, kalma shida ke nan, kuma sai na faɗe ta sau ashirin a minti 45. Ga iyayen yaran suna saurare. A Nima in aka ce ɗanka ya tafi yawo ai ba yabonsa aka yi ba.

Bashir (Legon), 10:21
Anti Rabi, kilisa. A Kano in mutum ya ɗaura wa doki sirdi ya fita don nishaɗi, kilisa ya tafi. Kilisar keke.

Alhaji Mai Goro (Kumasi), 10:30
Ɗana, mai kilisa da la’asar yake fita, magariba ta same shi a ƙofar gida. Waɗannan sun kwana a hanya har sau biyu. Jakar dai ba ta da wuya, ɗiyata: mangala. Ita ake aza wa jaki, rabi nan rabi can, in gefe ɗaya ya fi nauyi ta zame.

Rabi, 10:31
Mangala! Allah ya ƙara girma, Baba. Ɗaya ta fita.

Ustaz Sani, 10:33
Rangadi fa?

Bashir, 10:34
Sai in haraji suka je karɓa.

Malam Garba (Sabon Zango), 10:52
Na karanta duka, kuma kun fara gini ba ku haƙa tushe ba. Ita kanta “keke” ba tamu ba ce, daga Yarabanci muka aro ta. “Basukur” kuwa Turanci ne aka sa wa hula. Kalmar Hausa ita ce laulawa. Tun da muna da ita, sai mu yi abin da harshen ya saba: dillali, dillanci, jakada, jakadanci, laulawa, LAULAWANCI. Mai yinsa balaulawe, jam’i laulawawa. Kalma ɗaya tak, ba shida ba. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ina jiran ranar da za a nema.

Fati (Ashaiman), 10:55
Allah ya gafarta Malam, wallahi da na gani na ɗauka laulayi ake magana. Sai a ce samarin ciki ne da su.

Ɗan Tamale, 10:57
Laulawawa? Harshena ya harɗe. Mu a Tamale, inda kusan kowane gida akwai shi, cece muke cewa, Dagombawa ma haka. Yaya Rabi, ki ce tafiyar cece, kowa ya huta.

Bashir, 10:59
Cece kuma? To lallai mun shiga ce-ce-ku-ce. Malam, laulawa na san ta, kakana yana faɗa. Amma ɗafin -anci ko sana’a yake bayarwa, ko yare, ko hali. In na ji “laulawanci” sai in zaci wata ƙabila ce a Adamawa.

Malam Garba, 11:08
Ba na jayayya da yaron da a jami’a ya koyi nahawu da Turanci. Rabi, ki sa laulawanci. In kika faɗe ta sau ashirin yau, gobe ta zama kalma. Haka rediyo ya dasa “jirgin sama mai saukar ungulu” a bakin mutane.

Fati, 11:10
Ita wannan da ka ji ta ka ga hoton abin, Malam. Ba sai an yi maka darasi ba.

Awudu Mai Faci (New Town), 11:26
Ku yi haƙuri, hannuna duk baƙin mai ne. Ni na ɗaure wa yaran kekunansu, kuma na bi su har Tefle kafin aiki ya dawo da ni. Bari in faɗa muku yadda abin yake, wataƙila sunan ya fito.
Daga Adomi mun sayi abolo, wainar masarar nan, da ƙananan kifin nan soyayyu wurin matan bakin gada, muka gangaro Kpong, muka kwana Akuse kusa da dam na biyu. Limamin wani ƙaramin masallaci ya bar mu muka shimfiɗa a baranda. Washegari Asutsuare, gonakin shinkafa da ayaba har iyakar ganinka, hanya wani wuri kwalta wani wuri jar ƙasa. Kafin Aveyime tayar ƙaramin cikinsu ta yi faci sau biyu, na biyun ba mu da ruwan neman huji, sai na tsoma tiyub ɗin a magudanar gonar shinkafa ina kallon inda kumfa zai fito. Mangalar da Alhaji ya faɗa gaskiya ce har da zamewar: ɗayansu ya cusa galan ɗin ruwa a gefe ɗaya, keken ya yi ta jansa hagu, sai da muka raba kayan muka ɗaure da robar tsohon tiyub. A Mepe wata tsohuwa ta ba mu ruwa, ta nuna mana a jikin bango inda ambaliyar 2023 ta tsaya, lokacin da aka buɗe ƙofofin dam ɗin Akosombo. Ya wuce kafaɗata.
Ba wanda ya ce yawo muke. Kullum da safe tambayar ɗaya ce: yau ina za mu yada zango?

Alhaji Mai Goro, 11:41
To ai ka faɗa, Awudu. Abin nan ba sabo ba ne, dabbar ce kawai ta canza. Kakanninmu fatake haka suka zo Gwanja neman goro: daga Kano a ƙetare Kwara, a bi ta Nikki, Sansanne Mango, Yandi, har Salaga, wata da watanni, madugu a gaba, jakai da mangala a baya. Tafiyar yini guda zango ce, inda aka sauka ma zango ne. Unguwannin da muke zaune ciki daga nan suka samo suna. Ɗiyata, cin zango ke nan. Cin zango da keke.

Ustaz Sani, 11:44
Alhaji, a Gana kuwa? Ka ce a rediyo wasu samari sun ci Zango, kafin a rufe shiri ’yan jam’iyyu biyu sun kira suna tambayar akwati nawa.

Fati, 11:45
Ustaz ka kashe ni da dariya.

Bashir, 11:50
A daidaitacciyar Hausa “cin dogon zango” ba shi da matsala ko kaɗan. Matsalar kunnen nan ce. Haka “river valley”, kwarin kogi ne, amma na san in Anti ta furta, rabin masu saurare ƙwari za su ji, tun da a nan ba a raba k da ƙ. Ba zagi ba, amma wurin da ake ce wa mace “ya zo” bai kamata a yanke wa harshe hukunci ba.

Fati, 11:52
Duk wanda ya fara da “ba zagi ba” ka san abin da ke tafe. Ƙanena, wata nawa ka yi a Akra?

Ɗan Tamale, 11:54
Da wannan Hausar da kake rainawa ka sayi waakye, shinkafa da wake, yau da safe. Sunan ma namu ne, wake. Tuwon zafi, koko, ƙosai, duk ƙasar nan da bakinmu take kiransu.

Malam Garba, 12:06
A nan ina bayan ’yan’uwana. Bashir, Alhaji Umaru a Kano aka haife shi, amma a Kete Krachi ya yi limanci ya rubuta waƙoƙinsa, can ya rasu a 1934, a bakin wannan Volta ɗin. Je ka tambayi malamanka na jami’ar Legon. Tsohon garin Kete Krachi yanzu yana ƙarƙashin tafki tun da aka gama Akosombo a 1965. Ba mu zo Gana don a koya mana Hausa daga baya ba. Shi ya sa nake cewa muna da ikon ƙirƙirar kalma, kamar laulawanci.

Ustaz Sani, 12:07
Malam ya zagayo ya dawo.

Bashir, 12:15
Na janye maganar “ya zo”. Ban janye k da ƙ ba.

Rabi, 13:02
Jama’a, na je salla na dawo na tarar da saƙo 40, uku ne kawai a kan tambayata. Kwarin fa?

Awudu Mai Faci, 13:10
Yaya, kwari daga Akosombo zuwa Adomi ne kawai, inda duwatsu suka matse kogin. Da ka wuce Akuse ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma har teku, kusan ba ka canza giya. Wannan fadama ce.

Fati, 13:11
Ka ce sun kwana biyu a fadama, a ɗauka gidan Babban Limami a unguwar Fadama ta Akra suka je ziyara.

Alhaji Mai Goro, 13:19
Turawa kalma ɗaya gare su, mu biyu, kuma duk biyun sun ƙi. Ki ce bakin Volta. Ɗayar kuma tun da “ci” ne ya kawo rigima, a cire shi: tafiyar keke zango-zango.

Ɗan Tamale, 13:20
Cece zango-zango.

Bashir, 13:24
Kwatance ne wannan, ba suna ba. Ba za ta shiga ƙamus ba. Kuma me za a kira mai yinta? Amma don daren yau, to.

Ustaz Sani, 13:26
Kuma “keke” ɗin a fayyace mai ƙafa biyu, kar ’yan Kumasi su zaci pragya mai ƙafa uku.

Rabi, 16:48
Na miƙa. “Tafiyar keke zango-zango a bakin Volta”, da mangala. Masu yi na ce “matafiyan”. Malam, a gafarce ni, zan ambaci laulawa sau ɗaya a buɗe shiri, in ce haka iyayenmu suke kiranta.

Malam Garba, 17:03
Laulawa ba laulawanci ba ce. Amma Allah ya ba da sa’a. Zan saurara.

Fati, 21:06
Kun ji? Yaya Rabi ta yi ta jera zango-zango tiryan-tiryan, da ta tambayi babban cikinsu me suke kiran abin a tsakaninsu sai ya ce, “Mu dai mun hau cece mun je Ada.” Mangala kam ta kama, har mai kira na biyu ya tambayi inda ake ɗinka ta.

Malam Garba, 21:19
Na ƙirga. Zango-zango sau 11, laulawa sau 1, kuma an ja wasalin ƙarshe fiye da kima. Rabi, yaushe za a maimaita shirin?