Abin da Masana Suka Faɗa wa Iyaye kan Damuwar Yara

A wata tattaunawa kan damuwar yara, ma'aikatan lafiya da malaman makaranta sun fi jan hankali kan alamomi. Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa, sai dai ya daina cin abinci, ya ƙi makaranta, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina. Idan hakan ya wuce mako 2, a kai shi asibiti, ko da ana yi masa addu'a.

Yi masa duka yana ƙara rufe masa baki. A zauna da shi ba a gaban 'yan'uwansa ba, a saurare shi, a bar katse shi.

A kula da barcinsa ma: mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

In ya ambaci kashe kansa, a ɓoye fiya-fiya da magunguna, a kai shi likita a ranar.