Kiɗa ɗaya mawaƙa barkatai, wai wannan ba sata ba ce?

Dan_Tudu:
Salam jama'a, dan Allah a fitar da ni daga duhu. Abokina ya zuba min tsofaffin waƙoƙin rege a memori, ina ta ji sai na lura akwai wani kiɗa mai busa sanyi-sanyi da yake ta dawowa, mawaƙi ya canza amma kiɗan yana nan daram, huɗu na ƙirga, ɗaya ma ba waƙa yake ba surutu kawai yake zubawa a kai. Ta farkon an rubuta Satta Massagana. Su a Jamaika ba a kai ƙarar ɓarawon kiɗa ne?

Kawu_Faifai:
Hhh yaro man kaza. Ba sata ba ce ɗana, haka tsarinsu yake, ridim suke ce masa, kiɗa in ya karɓu kowa sai ya hau ya gwada sa'arsa. Wannan ɗin Abyssinians ne su uku, sun ɗauka a 1969 a Studio One na Coxsone Dodd a Kingston, shi kuma ya ga kamar ba za ta yi kasuwa ba ya jingine ta, sai da suka sayi tef ɗin suka fitar da kansu a 1971 a ƙarƙashin kamfaninsu na faifai mai suna Clinch. Sunan waƙar ma Amharik ne, yaren Habasha, godiya yake nufi. Mai surutun nan ina kyautata zaton Big Youth ne. Ka ga a bayan ƙaramin faifai ake sa kiɗan zalla, to shi ake ɗorawa a filin rawa, mai makirfo ya yi ta zuba a kai kamar ɗan ma'abba, in mutane sun yi ihu gobe a shiga situdiyo.

Auwal_Landan:
Kawu ya gama magana, amma wlh in a waya kake ji rabin kiɗan ma bai iso kunnenka ba. Na taɓa zuwa wajen Jah Shaka, wani mai sa faifai a filin rawa a nan Landan, ya rasu a 2023, garmaho ɗaya tal yake amfani da shi, sifikoki kuma an jera su sun fi tsayin mutum, in ya cire faifai sai wuri ya yi tsit ana jira. Da ya saki bes ɗin nan, wato sautin nan mai kauri, ƙafar wandona har kaɗawa take, a ƙirji kake jinsa ba a kunne ba, ba a yi minti ɗaya ba aka ɗage allura aka dawo da shi farko.

Hajara_K:
To ni tambayata kuɗin fa? Wanda ya kaɗa bes ɗin me ya samu?

Kawu_Faifai:
Nan kam kin taɓo inda yake ciwo 'yata. Leroy Sibbles ne ya kaɗa, kuma makaɗan situdiyo a zamanin yawanci kuɗin aiki ake ba su a sallame su, furodusa ne mai riƙe da tef.

Dan_Tudu:
Ashe dai akwai 'yar satar, ba dai inda na zata ba. Malam Auwal bari na aro sifikar mai DJ na layinmu, in maƙwabta sun kawo ƙara sunanka zan bayar.