Rubutuna kan 12 ga Yuni bai gama nuna ba, in sake shi haka?

ƊanFagge: Salamu alaikum. Wata uku ina fama da wani rubutu kan zaɓen 12 ga Yunin 1993, musamman yadda Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Shafi shida ne. Wurin da na zo kan soke zaɓen da Babangida ya yi bai zauna mini ba, ga ƙa'idar rubutu tana ba ni wahala. Saura kwana huɗu Ranar Dimokuraɗiyya. In ɗora a Facebook haka, ko in biya a gyara ko da ranar za ta wuce?

MamanHanif: Ɗora abinka ƙanena. Ita kanta dimokuraɗiyyar tun 1999 ake gyaranta, ta gyaru?

NaZazzau: Duk wanda bai faro daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ba, bai fara komai ba.

BaffaTsoho: Yaro, ni jira ne ya cuce ni. Na cika littafin makaranta huɗu da hannuna kan rikicin ɓangarorin santsi da taɓo a jam'iyyar PRP, har zuwa tsige gwamnan Kaduna Balarabe Musa a 1981. Da idona na ga abubuwan nan. Kullum sai in ce bari in ƙara gyarawa. Shekara goma sha! Da na kai wani shago a buga mini a kwamfuta, mai shagon ya karɓi kuɗina, ya tashi daga unguwar. Littafi biyu na samo, gara ta cinye rabin ɗaya. Dattawan da zan koma in tambaya duk sun riga mu gidan gaskiya.

MamanHanif: Allah sarki Baffa. Ba ka kai shi ƙara ba?

BaffaTsoho: In kai ƙarar wa? Ko rasit ban karɓa ba.

Kwamared: Gyara naira 500 ne kowane shafi.

Hauwa'uBK: A ina? Ni 2,000 aka caje ni, kuma aka bar mini "shugaban kasa" babu lanƙwasa.

Sarkin Barkwanci: To ai bai yi kuskure ba, shugaban da ya kasa yake nufi.

NaZazzau: Mu bar wasa. Harafi daban, tarihi daban. Kuskuren shekara ɗaya ya isa a yi watsi da kai.

Kwamared: Malam, kai me ka taɓa wallafawa da kake tsorata yaro?

NaZazzau: Ni na jefa ƙuri'a a 1993, kai kana goye.

Hauwa'uBK: Ni damuwata ba kuskure ba ce, ɓarayin rubutu ne. Bara na yi kwana biyu kan Gambo Sawaba, da safe na gan shi a shafin wani, ya cire sunana, har da kuskuren da na yi a sakin layi na biyu. Shi aka yi ta yi wa jinjina.

MamanHanif: Ni ma an yi mini haka da girke-girke!

ƊanFagge: Jama'a, saura kwana uku fa yanzu. Mai 500 ɗin nan, Kwamared, yana aiki ranar Asabar?