Ciwon gefen gwiwa ya hana ni wuce kilomita 15

Assalamu alaikum. Ina shirin shiga gasar gudun fanfalaki ta Legas mai nisan kilomita 42, wadda ake yi a watan Fabrairu, amma duk sanda na doshi kilomita 15 sai gefen gwiwata ta dama, daga waje, ya ɗauki zafi kamar ana soka allura, musamman a gangara. Da na tsaya yakan lafa, kuma babu kumburi.

Na sauya takalmi, na bar kwalta na koma hanyar ƙasa, na riƙa ɗora ƙanƙara, har hutu na yi, amma da na dawo sai ciwon ya tare ni tun kafin kilomita 10, abin da ya fi komai ɓata mini rai.

Wane atisayen ƙarfafa ƙugu da cinya ne zai magance wannan ba tare da na daina gudu gaba ɗaya ba?