Mutuwar Aborijin a tsare: sakaci ne ko raina al'ada?

Ɗan Fagge (Perth): Jama'a, raina a ɓace yake. Aborijin, 'yan asalin Ostireliya, ba su kai kashi 4 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, amma sama da ɗaya cikin uku na fursunoni su ne. Tun 1991 kwamitin bincike kan mutuwarsu a tsare ya ba da shawarwari 339, daga lokacin zuwa yau sama da 500 sun mutu a tsare. A bar asibitocin al'ummarsu su riƙa duba su bisa al'adarsu, yadda asibitin Aborijin na Winnunga ke yi a gidan yarin Canberra.

Nas Binta: Al'ada kuma, Malam? Ciwon suga ya san al'ada?

Baba Sule: Wato bokaye za a kai musu ke nan.

Ɗan Fagge: Haba Baba. Mace ta ga ma'aikaciya mace, a yi wa mutum bayani da yarensa, a yarda da shi in ya ce yana jin ciwo. Ms Dhu, 'yar shekara 22, an tsare ta a South Hedland a 2014 kan tarar da ba ta biya ba. Sau biyu ana kai ta asibiti ana dawo da ita, 'yan sanda na cewa ƙarya take. Ta rasu.

Nas Binta: Wannan sakaci sunansa. Kullum dai a kan ma'aikatan jinya ake sauke tukunya.

Auwalu: Wa ya ambaci nas? Mai kaza a aljihu...

Nas Binta: Auwalu, sa'arka ce ni?

Lauya Hadiza: Kwamitin nan fa cewa ya yi tushen matsalar yawan kama su ne. Kuma fursuna ba ya morar Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin ƙasar.

Auwalu: Anti Binta ke ce kika fara.

Baba Sule: Yaran yanzu ba tarbiyya. Wannan ita ce al'adar da ta ɓace.

Ɗan Fagge: Don Allah a koma kan magana.

Admin: An rufe. Abin da aka cimma: magani ba ruwansa da al'ada, kamar yadda ƙanwata Binta ta yi bayani, ita da ta san aikin. Ɗan Fagge ya kawo alƙaluma daga nesa, Allah ya saka. Auwalu ka ba ta haƙuri kafin magariba.